Rana Ba Ta Ƙarya: Maganar Ranar Zaɓe da Masu Son Taɓa Ta

Saƙon yau yana da ɗan tsawo, don Allah kar a wuce shi don an ga ba hoto ba bidiyo. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

A zamanmu na makon jiya wata ƙanwarmu ta tashi ta ce, "Hajiya, ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya a kan ranar zaɓe ba. Ko yau aka yi ko wata mai zuwa, ai ƙuri'ar ɗaya ce." Aka yi dariya, magariba ta kawo jiki, muka tashi ban ba ta amsa ba. To na kwana da maganar, domin na san ba ita kaɗai ke da wannan tunanin ba, ita ce dai ta yi ƙarfin halin faɗa.

Ƙanwata, duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya ta san mene ne sa rana. Da zarar an tsayar da ita, komai ya rataya a kanta: kafinta da ke haɗa gado, tela da ke ɗinkin anko, adashin da aka roƙa a ba ki kwasar wannan watan, dangin da za su taso daga nesa. Shi ya sa iyayenmu suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Yanzu a ce daren ɗaurin aure, an riga an jiƙa shinkafar waina, an yanka kaji, baƙi sun cika ɗakuna, sai dangin ango su aiko wai a ƙara mako guda. Mai hali za ta ja tsaki ta sake sayen komai. Wadda ta ci bashi ta yi girkin fa? Ɗaga ranar bai faɗa a kansu daidai ba, ko da yake mako gudan ɗaya ne.

Mu nan mun ga irin wannan da idonmu. Ranar Asabar 16 ga Fabrairun 2019, na kwanta da katina a ƙarƙashin filo, na shirya wa wakilanmu mata na rumfuna abincin da za su tafi da shi. Da asuba wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Ashe da tsakar dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, aka sanar an ɗage zaɓe zuwa 23 ga wata. Akwai wata baiwar Allah a mazaɓarmu da ke aikatau a wani gari mai nisa. Ta roƙi hutun kwana uku da ƙyar, ta kashe kusan rabin albashinta a kuɗin mota don ta zo ta jefa ƙuri'a inda ta yi rajista. Lahadi ta koma. Asabar ɗin da ta zagayo ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Babu wanda ya sace mata akwati, babu ɗan daba da ya tare ta da gora, amma ƙuri'arta ba ta shiga lissafi ba. Irinta nawa ne a faɗin ƙasar nan? Ga masu ƙosai da koko da ba su fita ba ranar, ga kasuwanni a rufe, ga waɗanda suka matsar da biki daga 16 zuwa 23 don gudun zaɓe, sai zaɓen ya biyo su can.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. A 2011 har an fara layi ranar 2 ga Afrilu aka dakatar da zaɓen 'yan majalisa saboda kayan aiki ba su iso ba. A 2015 an sa 14 ga Fabrairu, saura mako guda shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar da ɗagewa zuwa 28 ga Maris, bayan hukumomin tsaro sun ce ba za su iya ba da kariya ba saboda yaƙin Boko Haram. A 2023 an yi na shugaban ƙasa a ranarsa, 25 ga Fabrairu, amma na gwamnoni ya tashi daga 11 zuwa 18 ga Maris don a sake saita na'urar BVAS. Ku lura da wani abu: a cikin waɗannan shekarun mulki ya sauya hannu. Waɗanda suka yi kuka a wannan karo su ne suka yi shiru a wancan. Kowa ya ɗanɗana, don haka wannan ba maganar jam'iyya ɗaya ba ce.

Yawan masu fitowa kuwa sai raguwa yake. A 2015 kusan 44 cikin 100 na masu rajista suka jefa ƙuri'a, a 2019 wajen 35, a 2023 wajen 27. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 da wani abu ba. Ba na cewa ɗage rana ce kaɗai ta jawo haka. Akwai ƙarancin takardun kuɗi da muka sha a 2023, akwai tsoro, akwai waɗanda suka yanke ƙauna. Amma mutumin da ka saba yi wa alƙawari kana saɓawa, wata rana ko ka kira shi ba zai ɗaura zani ya fito ba.

Bari mu leƙa maƙwabta, domin abin da ya faru a Senegal ya kamata kowace 'yar siyasa ta haddace shi. An sa zaɓensu 25 ga Fabrairun 2024. Ranar 3 ga wata, ana jajibirin fara kamfen, Shugaba Macky Sall ya fito a talabijin ya ce an ɗage, wai saboda rigimar da ta taso kan jerin sunayen 'yan takara tsakanin majalisa da kotun tsarin mulki. Majalisa ta zauna, jami'an tsaro suka fitar da 'yan adawa daga zauren, sauran suka amince a kai zaɓen har 15 ga Disamba. Wato mutumin da wa'adinsa zai ƙare 2 ga Afrilu zai ƙara watanni a kan kujera ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Matasa suka fito, aka katse intanet na waya, aka rasa rayuka. Sai ranar 15 ga Fabrairu alƙalan kotun tsarin mulkin suka ce wannan ɗagewa ta saɓa wa doka, ba ta zauna ba. Shugaban ya bi hukuncin. Aka yi zaɓe 24 ga Maris, cikin watan azumi, mutane da ƙishirwa suka yi layi. Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yana gidan yari, ya ci a zagayen farko da kusan kashi 54. Ɗan takarar gwamnati, Amadou Ba, ya taya shi murna, aka rantsar da shi 2 ga Afrilu, ranar da doka ta faɗa tun farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da an bar ɗagewar nan ta wuce, babu wanda zai ce an yi maguɗi a akwati. Watakila a yi zaɓen Disamba lafiya ƙalau, a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. Amma a cikin watanni goman nan wa ke riƙe da baitulmali, da 'yan sanda, da gidan talabijin na gwamnati? Wa kuɗin kamfen ɗinsa zai ƙare a hanya? Mai mulki yana iya jira, domin yana jira ne a kan kujera. Ɗan adawa yana jira ne da bashi.

Mu Hausawa ma har suna muka ba wannan cutar: tazarce. A Nijar, Shugaba Tandja Mamadou ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009 don ya ƙara shekara uku. Kotun tsarin mulki ta ƙi, ya rushe ta, ya rushe majalisa. Watan Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi. A Kwango, wa'adin Joseph Kabila ya ƙare Disambar 2016, aka yi ta kawo uzurin rajista da rashin kuɗi, ba a yi zaɓe ba sai 30 ga Disambar 2018. Shekara biyu cur a ɓagas. Nan gida kuma majalisar dattawa ce ta binne maganar wa'adi na uku a Mayun 2006. Duk hanyarsu ɗaya: ba wanda ke fitowa ya ce ba na son zaɓe, cewa ake lokacin ne bai yi ba tukuna.

To yaya waɗanda suka zauna lafiya da ranarsu suke yi? A Ghana, tun 1996 ranar 7 ga Disamba ce, duk bayan shekara huɗu. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi da Accra, yarinya 'yar firamare ma ta san ranar. Ko a 2020 da ake fama da korona ba su taɓa ta ba. A 2024 jam'iyya mai mulki ta faɗi, washegari Mahamudu Bawumia ya amsa shan kaye tun kafin a gama sanarwa, kuma a wannan zaɓen ne suka sami mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang.

Amurka kuwa tun 1845 majalisarsu ta kafa doka: Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba. Dalilin zai ba ku dariya don kamar a ƙauyenmu aka tsara shi. Manoma ne a lokacin, Nuwamba an gama girbi, sanyi bai tsananta ba. Lahadi ranar ibadarsu ce, Laraba ranar kasuwa, tafiya zuwa rumfa kuma a kan doki sai ta ci yini, shi ne aka zaɓi Talata. Sun yi zaɓe a 1864 ana tsakiyar yaƙin basasa, sun yi a 1944 ana yaƙin duniya. A Yulin 2020 Shugaba Trump ya jefa maganar ko a ɗage saboda korona, manyan jam'iyyarsa na majalisa su ma suka ce a'a. Ku riƙe wannan, 'yan jam'iyyarsa. Ba na cewa tsarinsu ba shi da aibu. Talata ranar aiki ce, mai aikin yini da ba a ba shi hutu yana shan wahala, shi ya sa jihohi da yawa suka buɗe damar jefa ƙuri'a tun kafin ranar ko ta gidan waya. Amma ranar kanta ba ta hannun mai mulki.

Wata za ta ce, ai a Ingila firaminista ne ke zaɓar ranar da kansa, kuma ba a ce ba dimokuraɗiyya suke ba. Gaskiya ne. Yana da damar ya kira zaɓe lokacin da ya ga iska na kaɗawa gefensa. Sai dai yana iya matso da ita ne kawai, ba ya iya wuce shekara biyar. Kuma dabarar takan juye. Theresa May ta kira zaɓen gaggawa a 2017 don ta ƙara rinjaye, ta tashi da asarar wanda take da shi. Rishi Sunak ya tsaya cikin ruwan sama a Mayun 2024 ya sa 4 ga Yuli, jam'iyyarsa ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba, kujera 121 kacal cikin 650. Duk da haka ni dai ban so a kawo mana wannan tsarin. A ba ɗan wasa usur ya busa lokacin da ya ga dama? A ƙasar da gwamna ke iya ajiye kantomomin riƙo a ƙananan hukumomi shekara da shekaru ba zaɓe, har sai da kotun ƙoli ta tsawatar a Yulin 2024? A'a, mu dai a rubuta mana.

Tsarin mulkinmu ya ba da tazara ne kawai: kar a yi zaɓe fiye da kwana 150 kafin ƙarewar wa'adi, kar kuma a bari ya rage ƙasa da kwana 30. A tsakanin nan hukuma ce ke tsayar da rana. Ra'ayina, a sa ranar a cikin doka ƙarara yadda Ghana ta saba da tata, yadda Kenya ta rubuta Talata ta biyu a watan Agusta a tsarin mulkinta. Kuma kafin a tsayar a zauna a duba komai: damina da hanyoyin da ke yankewa, zafin bazara, azumi da ke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, aikin hajji, bukukuwan 'yan uwanmu Kirista, jarrabawar yara. Duk waɗannan ana iya lissafa su shekara goma gaba. Mai shayarwa da ke azumi, ta tsaya a rana daga safe zuwa la'asar da goyo a baya, ba ƙaramin abu aka nema a wurinta ba. A duba mata tun da wuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tuna da uzuri bayan an ga alamar faɗuwa.

Indiya ta koya mana duka fuska biyun. A 2024 mutum kusan miliyan 970 ke cikin rajistarsu, aka raba zaɓen kashi bakwai daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni. Ƙa'idarsu ita ce kar mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2, har akwai rumfar da ake kafawa a dajin Gir saboda mutum ɗaya tak. Suna da rumfunan da mata zalla ke aiki a ciki, kuma tun 2019 fitowar matansu ta kamo ta maza. Amma zaɓen ya faɗa tsakiyar zafi mai tsanani, har ma'aikatan zaɓe suka mutu a kwanakin ƙarshe. Tsari mai kyau, lokaci mara kyau.

Akwai kuma wani lokacin da ba mu cika magana a kansa ba, na shari'a. A Kenya kwana 14 aka ba kotun ƙoli ta yanke ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma ba a rantsar da kowa sai ta gama. A 2017 an yi zaɓe 8 ga Agusta, 1 ga Satumba kotu a ƙarƙashin Mai Shari'a David Maraga ta soke shi, aka sake. Mu kuwa a 2023 an yi zaɓe a Fabrairu, an yi rantsuwa 29 ga Mayu, hukuncin ƙarshe bai zo ba sai 26 ga Oktoba. A Anambra an yi zaɓen gwamna a 2003, wanda kotu ta ce shi ya ci bai hau kujera ba sai Maris na 2006. Ko wa kike goyon baya, ki faɗa mini tsakani da Allah, ana iya shari'ar adalci tsakanin wanda ke gidan gwamnati da jiniya da wanda ke sayar da filinsa yana biyan lauya? A gama shari'a kafin rantsuwa, ko da hakan na nufin a matso da zaɓen baya.

Na san akwai larura ta gaskiya. Ambaliya na iya cinye gari, annoba na iya sauka, wuri na iya zama ba ya shiguwa. Ban ce a tura mutane cikin halaka don a cika rana ba. Amma a ɗage a inda larurar take kaɗai, a faɗi sabuwar rana nan take, dukkan jam'iyyu su ji dalili a fili, kuma kar ta taɓa ranar miƙa mulki ko da yini ɗaya. Wanda zai ci ribar ɗagewar kuma kar ya zama shi ne mai yanke ta.

Yanzu bari in dawo cikin gida, kuma shugabanninmu maza da za a tura wa wannan saƙon su yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba za mu yi ta nuna Senegal da yatsa ba alhali mu ma muna yi. Sau nawa aka ce mana taron masu ruwa da tsaki ƙarfe huɗu na yamma, mu je mu zauna har isha, a ce manya suna hanya, mu tafi gida saboda aure da yara, da safe mu ji an zauna ƙarfe ɗaya na dare an gama rabon komai? Sau nawa aka sauya ranar zaɓen fidda gwani ko wurinsa, saƙon ya isa ga wasu daliget bai isa ga wasu ba? Na ga 'yar takarar kansila da ta sayar da awarwaronta ta sayi fom, ta iso filin da aka faɗa mata da magoya bayanta mota biyu, ta tarar an gama tun hantsi a wani wuri daban. Wallahi ranar na rasa abin da zan ce mata. Ba a hana ta takara ba, agogo kawai aka juya mata. Sannan a zo ana mamakin yadda a kujeru 109 na majalisar dattawa matan da suka shiga bayan zaɓen 2023 ba su kai biyar ba.

Kar mu manta, mu matan Arewa ba mu daɗe da samun wannan ƙuri'ar ba. 'Yan uwanmu na Kudu sun fara tun shekarun 1950, mu sai 1976 aka ba mu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan haka, ana ce musu lokaci bai yi ba, mata ba su shirya ba. Iyayen wasunmu da ke cikin zauren nan sun girma sun yi aure ba su da ikon dangwala yatsa.

Don haka ga abin da nake roƙo. Duk ranar da kuka ji ana raɗe-raɗin a ɗaga zaɓe ko a ƙara wa wani wa'adi, ko daga bakin namu ne, ko an ce mu za mu amfana, kar wata a cikinmu ta yi guɗa, kar ta tura saƙon gaba. Ku tambaya: wa ya nema, wa zai ci riba, me doka ta ce? Kujerar da muke kai yau a wata jiha, a wata jihar wasu ne a kai, kuma abin da muka halatta wa kanmu shi za a yi mana.

A zama mai zuwa in sha Allahu zan kawo takarda mu sa hannu, mu miƙa wa shugabannin jam'iyya na jiha. Buƙata biyu ce a ciki: duk taron da za a yanke hukunci a yi shi tsakanin safe da la'asar, kuma ranar zaɓen fidda gwani da wurinsa a sanar a rubuce aƙalla mako biyu kafin nan, ba sauyi sai da sanin kowane ɗan takara da 'yar takara. Shugabannin mata na mazaɓu, kowacce ta zo da sunayen matan da ke zaune nesa da inda suka yi rajista, mu ga waɗanda za a taimaka wa su mayar da rumfarsu kusa da gida idan an buɗe damar, waɗanda ba za su iya ba kuma mu fara tara musu kuɗin mota tun yanzu a asusunmu. Wadda katinta ya ɓata ko ya lalace ta faɗa wa shugabar mazaɓarta a wannan makon, kar a bari sai ana saura kwana uku.

Ƙanwata da ta yi tambaya, na gode, ki zo da wata ranar Asabar. Zama ƙarfe huɗu ne, kuma huɗun nake nufi.

Allah ya tsare mana imaninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. A gaida mutan gida.

Taku,
Shugabar Mata